Gaɓar Rima a Bakin Luba

Ni manomin albasa ne a Kwalkwalawa,
na san yadda ruwa ke cin gaɓa.
Ba ya zuwa da hayaniya.
Lasa yake, bana kaɗan, baɗi kaɗan,
har wata safiya ka tarar da gawo tsaye,
saiwoyinsa a waje kamar yatsun tsoho.

Ban zaci zan ga haka a bakin ɗiyata ba.

Luba ba ta cika huɗu ba.
Ta ture moɗar ruwan randa,
ta ce, "Baba, cizo na yake."
Muka yi ta dariya. Ruwa da cizo!
Sai ta bar rake,
ta koma tauna da gefe guda kamar mai jin kunya.
Innarta ta ce famfara ce ta yi sammako.

Ran Laraba ya faɗo cikin ɗumame.

Na riƙe haƙoran yayyenta duka,
guntaye, tsabar shinkafa, ba gindi.
Wannan dogo ne, da saiwarsa cif,
dashen da aka tuge bai kama ƙasa ba.

A asibiti likita ta ɗaga leɓen a hankali.
Dasashi ya ja da baya,
wuyan kowane haƙori tsirara.
Ta kara hoto a jikin fitila,
ta nuna mini da bakin biro:
"Nan ƙashi ya kamata ya kai. Ga inda ya tsaya.
Kada ka ɗora wa alewa laifin duka.
Za mu ɗebi jini,
mu ji abin da jiki bai faɗa ba."

Na ce to.
Me mutum zai ce ban da to?

Can fadama, in gaɓa ta soma tafiya,
buhunan yashi muke jerawa.
Nan kuwa ɗan buroshi ne mai laushi,
da ruwan ɗumi, da katin komawa ran Litinin,
da hannuna mai kanta
da ke koyon taushi bayan isha'i.

Haƙorin na cikin kwalin ashana.
Jiya ta jawo rigata, ta raɗa mini,
"Kar ka bari ƙadangare ya gani,
wani ba zai fito ba."

Na tura kwalin can ƙasan aljihu.
Na ce, "Bai gani ba, Luba. Kwanta."