Riyal Ɗari da Casa'in da Tara

Ran ashirin da bakwai ga wata,
albashi bai gama zama a asusu ba
waya ta yi tsuwwa a aljihun jallabiyata:
an zare riyal ɗari da casa'in da tara.
Ni da na yi sallama da su tun Rajab,
ga shi Zulƙida na haramar fita.

Likita ya ja mini, da ya dubi tumbina
ya ce, "Sallau, tuƙi ya girke ka, sukari na leƙe."
Na shiga gidan motsa jiki a titin Falasɗinu,
mai gilashi daga ƙasa har sama,
inda mutum kan yi gudu a kan bel
ya jiƙe sharkaf bai je ko'ina ba.
Zuwa goma sha ɗaya, gwiwa ta ce ta tuba.

Na sa hannu gaban wani yaro Fawwaz,
har da ba ni shayi, har da dafa ƙirji,
ya ce magana ta mutu.
Ashe suma ta yi.

Na koma. Fawwaz ya bar aiki.
Magajinsa ya juyo mini da fuskar kwamfuta:
"Ba ta san ka fita ba, ya Hajji."
Na ce to gaya mata mana!
Ya ce manaja na Riyad, sai gobe in Allah ya so.
Goben nan na bi ta
kamar mai bin inuwarsa da la'asar a bakin tekun Jidda.

Banki suka ce kawo shaida.
Muka kwashe gida, ni da Tasalla,
ƙarƙashin katifa, cikin jakar fasfo, bayan firiji,
sai ga takardar a aljihun mota
na taɓa naɗe tsiren Bab Makka da ita.
Mai ya cinye kwanan wata,
yaji ya zauna daram kan sa hannun Fawwaz.

Kuɗin ba su kai a yi kuka ba,
sun dai kai buhun shinkafar da nakan aika Gumel,
sun kai maganin hawan jinin Inna.
Ƙuda ba ya kashe sa,
amma ka tambayi wutsiya.

Hawa huɗu ne ofishinsu, lif ya lalace.
Na hau, na sauka, na hau,
daga can banki, daga banki ofishin koke,
a ƙafa, don ba wurin ajiye mota.

Jiya suka kira, murya kamar zuma:
sun mayar da na wata biyu,
sauran biyun kuma "kyauta" ce,
in zo in yi ta gudu a kan bel har Muharram.

Yau na hau sikelin likita.
Kilo biyar sun tafi.
Ya gyara tabarau, ya miƙo mini hannu,
ya ce, "Gidan nan sun iya aiki,
kada ka kuskura ka bar su."