Majinar Tauraro

Da sassafe a tudun Mull, bayan ruwan kwana uku,
Torkil ya ja ya tsaya, karensa ya ja da baya.
Ga abu kwance kan ciyawa, fari-fari,
yana rawa kamar romon ƙafar sa da ya kwana a sanyi.
Ba ƙashi, ba wari, ba sawun kowa.

Kakarsa Murdina ta sha faɗa masa:
in tauraro ya yi wutsiya ya faɗo,
wannan ce majinarsa.
Kar ka taɓa, tumaki za su yi ɓari.

Dugald masunci ya tuntsire da dariya.
"Zalɓe ne! Ya haɗiye kwaɗo mai ƙwai,
abin ya kumbura masa a maƙoshi,
ya amayar, ya tashi abinsa."

Maharbi ya ɗora wa barewa laifi,
ya ƙi ƙarin bayani a gaban mata.

Malamar makaranta ta hau da kwalba da cokali,
ta ce gansakuka ce mai barci,
sai ta ƙoshi da ruwa take farkawa.
Ta aika birni.
Bayan wata biyu takarda ta dawo:
ruwa ne kusan duka,
ragowar ba mu gane ba.

Wanda ya saura a tudu kuwa
rana ta lashe shi tun kafin azahar.

Torkil bai ce komai ba.
Amma da dare, in ya gama ƙirga tumaki,
yakan daɗe a bakin garke, kai sama,
leɓensa na motsi,
yana neman gurbin wanda ya ɓace.