Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Minti uku suka saya.
Kamfanin jima ne, can hanyar Kalambaina.
Manaja Ladan ya ba ni rabin kuɗi
da takardar abin da zan nuna:
ƙofar gilashi, injin da ya ƙetaro teku,
sai shi kansa a kujera, yana hangen nesa.

Tun jajibiri aka wanke tsakar gida,
aka raba safar hannu sababbi fil,
masu dariya aka jera su gaba.
Warin fata kuwa yana nan daram,
amma kyamara ba ta da hanci,
shi ya sa ake sonta.

Rana ta take, ƙarfe ya ɗau zafi,
Zayyanu ya lulluɓe na'ura da jiƙaƙƙen tawul.
Sau tara Manaja ya ce "inganci",
sau tara gumi ya riga shi.
Muka goge goshi, muka sake.

Bayan katanga, inda takarda ba ta ambata ba,
na tarar da Baba Labbo a bakin kwatarniya.
An ce ya koma can sai mun gama,
don bagaruwa ta rine masa hannu har gwiwa,
rinin shekara arba'in, ba na sabulu ba.
Yana murza fatar jar akuya
kamar mai lallashin jariri.
Ya ɗago ya ce, "Mi kaka ɗauka, yaro,
hwata ko mutane?"
Na rasa amsa, na danna maɓalli.

Dare ya raba a ɗakina na Mabera,
janareta na tari, ni ina yanka.
Na yanke tari, na yanke ƙuda,
na yanke hamma, na yanke wayar da ta yi ƙara,
sana'ata ke nan, aski ba reza.
Da na zo kan hannun nan
sai yatsana ya ƙi.
Na sa shi daidai inda murya ke cewa "inganci",
daƙiƙa goma sha ɗaya, ba fuska, ba suna.

Manaja ya kalla a sanyin ofis.
Ya tsayar, ya mayar baya, ya sake tsayarwa.
"Wannan wurin ya yi," in ji shi,
"sai dai ka ɗan haskaka hannun."
Na ce to.
Har yau ban taɓa ba,
shi ma har yau bai cika min kuɗi ba.

Ran Juma'a na kai wa Baba a wayata.
Ya kare allon da tafinsa saboda rana,
ya matso da ido, ya daɗe shiru.
Ina jiran godiya, ko hawaye,
irin abin da nakan sayar.

Ya miƙo min waya ya ce,
"Wagga hwata ba ta nuna ba.
Da ka jira kwana biyu."