Hancin Goggo Tabawa

Mudu guda na sayo a kasuwar Rimi,
rumfa ta uku daga bakin famfo.
Goggo Tabawa ta damƙi tsabar, ta hura mata numfashi,
ta kai hanci, ta lumshe ido.
Ta ce, "Ta bana ce, Tasi'u.
Ba ta daɗe a buhu ba."

Na niƙa, na auna, na toshe a 'yar kwalba
da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.
Allura ta zuƙi tururin.
Injin ya yi ta gurnani, sau biyu wuta tana ɗaukewa,
sai da aka kira la'asar a Kabuga
layin da ke kwance a kan allo
ya miƙe ya yi ɗan tsiri
kamar Dala idan ka hango shi daga nesa.

Ga sunansa: asetil-pirolin.
Kabon shida, haidirojin tara,
naitirojin ɗaya, oksijin ɗaya,
sun kama hannun juna.
Shi ne dai a cikin gugguru,
shi ne a ɓawon burodin da ya fito daga gidan wuta.
Bai kai ƙwayar gero a cikin tirela ba,
amma shi ke tsallaka katanga
ya tona wa tukunya asiri a maƙwabta.

Littafi ya ce daga tawaya yake.
Wani ɗan ma'aikaci a jikin shukar ne ya nakasa,
abin da ya kamata ya share sai ya taru,
tarin nan muke biya da tsada.
In ƙishi ya ɗan taɓa ta a gona, ma ƙaruwa yake.

Na daɗe a kan wannan shafin.

Shekara uku ke nan
tun zazzaɓin da ya tafi da hancina.
Turare da hayaƙin a-daidaita-sahu duk ɗaya ne a wurina.
Ina gane shinkafa ta nuna idan murfi ya fara rawa.

Na kai wa Goggo takardar.
Ta riƙe ta a juye, ta shinshina,
ta ce warin tawada take.
Ta yage gefe ta ƙulle wa wani yaro kanwa,
sannan ta ƙara mini rabin gwangwani gyara.

"Kada ka wanke ta da yawa," in ji ta,
"kuma kada ka buɗe kafin ta kira ka."

Ban gaya mata ba na jin kiran ba.