Bawan da Ke Bayan Karusa

Shekara talatin da ɗaya ina bauta,
daga tara na dare zuwa sha biyu saura.
Da safe ni ne Ermete, mai gyaran agogo
a lungun da ke gangarawa kogin Adige.

Wasan opera ne, na Rum ta da can:
sarkin yaƙi ya ci ƙasashe ya dawo,
an shafe masa fuska da jan ƙasa,
ganima a gaba, sarakuna cikin sarƙa,
shi bisa karusa, gari ya ɗauki guɗa.
An ce a zamanin akan tsai da bawa a bayansa,
ya riƙe masa kambin ganye bisa ka,
yana raɗa masa a kunne:
Waiga. Kai ma mutum ne.

Ni ne wannan bawan.
Ko baiti ɗaya ba a rubuta mini ba.
Goge sittin na kuka a gindin dandali,
kakaki shida, baki ɗari na amshi,
ni nawa motsa leɓe ne kawai.

Duwatsun da 'yan kallo ke zaune a kai,
Rumawan ne suka sassaƙa da hannunsu.
Sun sha jinin gaske, na mutum da na dabba.
Namu jinin Zelinda ke dama shi a bokiti,
rini da sukari, ƙudaje na binsa.
Takobinmu katako, ginshiƙanmu kwali.
In iska ta taso daga tsaunuka
sai majalisar dattawa ta kama rawa.

Sarakunan yaƙi goma sha huɗu na tsaya wa.
Me na raɗa musu?
Wani na ce igiyar takalminsa ta kwance.
Wani na tsinto masa kan baitin da ya ɓace.
Akwai ƙaton nan daga Bari, mai tsoron doki,
shi sai in dafa bayansa in ce, saura kaɗan.
Akwai wanda muryarsa ta tsage a ƙololuwa,
mutum dubu goma suka yi masa ihu;
a hanyar fita ya riƙe hannuna kamar yaro.
Wannan bai buƙaci tuni ba.
Uku cikinsu na raka makabarta.

Ainihin kalmar ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Wa zai ce wa mai neman numfashi, za ka mutu?

Jiya ne darena na ƙarshe.
Likita ya ce kafaɗar ta gama nata.
Sabon sarkin yaƙin, Saverio, sa'an autana ne.
Karusa ta shigo, tambura suka ɗauka,
na ɗaga kambi.
Ganyen roba ne, bai kai nauyin burodi ba,
amma hannu ya ƙi.
Ya kama kakkarwa, ganye na kaɗawa bisa kan yaron
kamar hadari ya taso,
alhali ko kyandir ɗaya a hannun jama'a bai motsa ba.

Tsakanin numfashi da numfashi,
bai waiga ba, idonsa na kan taro,
ya ce ƙasa-ƙasa:
Baba, ɗora shi a kaina. Huta.

Na ɗora.
Rum ta ci gaba da shewa.
Shekara dubu biyu bawa na tsaye da saƙo a baki,
ashe saƙon nawa ne,
kuma ta gaba zai zo.

Yau da safe na buɗe shago.
Jan ƙasar goshinsa na nan a yatsuna biyu,
ban wanke ba tukuna.
Wata mata ta kawo agogon mijinta, ya tsaya,
ta ce ko zai gyaru.
Na kara shi a kunne, na daɗe ina saurare.
Na ce ta dawo ran Laraba.