Sharhin 'Yan Aji Huɗu

Hedimasta ya aiko min littattafai uku a kwali,
ya ce, "Malama Zaliya, kuɗinmu na guda ne,
sidi ɗari bakwai, babu ƙari.
Rubuto mana sharhi kafin Juma'a,
mu san wanda za mu saya wa aji."

Na zauna da dare a Aboabo, an ɗauke wuta,
tocila a baki, biro a hannu.
Na rubuta "mai ilmantarwa", na soke.
Na rubuta "mai ƙayatarwa", na soke.
Kalmomin sun sha wanki har sun koɗe.
Da safe na zube littattafan kan benci,
na ce wa 'yan aji huɗu, "Ga tuwo, ga miya."

Na farko bangonsa kamar madubi,
labarin yaro mai gaida kowa,
mai wanke hannu, mai kwanciya da wuri.
Mumuni ya kai babi na biyu ya saki hamma,
ya ce, "Malama, yaron nan lafiyarsa kuwa?
Ko sau ɗaya bai tsaga wando ba."
Adiza ta ƙura wa zanen kasuwa ido,
ta ga mai talla da faranti ba gammo,
ta ce, "Mai zanen nan wuyansa bai san kaya ba."

Na biyu tafiya ce zuwa duniyar wata,
launi kamar rumfar atamfa a Kejetiya.
Awudu ya lashe hotunan kafin a kaɗa ƙararrawa,
rubutun kuwa ya bar shi kwance,
kamar ƙashin da aka gama tsotsa.

Na uku takarda ce mai arha,
zane baƙi da fari, babi goma sha ɗaya:
akuya ta shiga tirotiro ba kuɗin mota,
yarinya na bin ta da takalmi ƙafa ɗaya.
Shi ya fi shan suka.
Fusena ta ce kunnen akuyar na jaki ne.
Mumuni ya ce ƙarya ce tsagwaronta,
ina aka taɓa ganin yaron mota
ya ba da canji ba a tambaya ba?
Suna kushewa, suna fizga,
kowane babi ya tsaya a bakin rami,
sai a ji, "Sakar min, ni ke kai!"

Fusena ta kai shi gida cikin hijabi,
ta karanta a gefen kaskon ƙosan uwarta.
Issaka kuwa, mai tuntuɓe da baƙaƙe,
wanda shekara guda ban ji muryarsa ba,
ya ƙi fita tara.
Yatsa na rarrafe a ƙarƙashin layi,
leɓe na motsi,
can ya ɗago ya ce, "Malama,
akuyar ta sauka a Tafo, ko ta wuce?"
Na ce, "Juya shafi."
Ya juya.

Juma'a ta zo, takardata fara fat.
Na jera su kan teburin hedimasta:
na farko har yanzu yana ƙanshin kanti,
na biyu ya ɗan buɗe baki a tsakiya,
na uku bango na lilo, an ɗaure da filasta,
man ƙosai ya huda shafi na arba'in,
wani ya rage wa akuya kunne da biro,
ya ƙara mata gemu.

Ya ce, "Ina sharhin?"
Na ce, "Shinshina."
Ya tsuke fuska, ya ce samfur ne aka ba mu aro,
wa zai biya ɓarnar?
Ya jefa shi a jaka, ya kulle ofis.

Litinin, ina share allo,
sai ga shi a bakin taga, yana gyaran murya,
ya sassauta harshe kada yara su ji:
"Shafin ƙarshe ya fita, Malama.
Akuyar nan,
an same ta kuwa?"