Maɓalli Biyar

Shekara tara ke nan
ina kauce wa lungun Kachollom a Kabong.
Ƙamshin burkutu bai manta sunana ba,
yakan kira ni da la'asar,
ƙasa-ƙasa, kamar mai bin bashi.

Ba na amsawa.
Shayi nake sha wurin Ɗanliti,
kofin a hannu ɗaya,
hannun da a da
ya kasa zura zare a allura.

Jiya muka binne Gyang, abokin ƙwaryata.
Sanyin Jos ya ratsa ƙashi,
maƙogwaro ya ce: ɗaya tak.

Na koma shago.
Na ƙarasa rigar makarantar 'yata,
maɓalli biyar,
ina ƙirgawa ina sakewa
har gari ya waye.